Motar da Ta Ƙi Wuce Tsamiya

Mijina bai sayi mota don kansa ba. Mutum ne da babur ya ishe shi: daga gida zuwa shagonsa na wake da gero, daga shago zuwa masallaci, wando ɗangale, gemu na kaɗawa, ya gama zagaya duniyarsa ke nan. Ranar da na ji ƙugin inji a ƙofar gidanmu a Dogon Dutsi, na fito da ludayi a hannu na tarar da wata farar mota mai dogayen ƙafafu, irin masu iya yashi. Na tambaye shi ko baƙi muka yi. Ya ce a'a, ta Inna ce.

Motar ta wani furoje ce, wato shirin haƙa rijiyoyi, da ya ƙare aikinsa aka sayar da kayansa. Inna kuwa mahaifiyarsa ce. Tana zaune a wani ƙauye kusa da Lugu, can bayan Ɗan Kassari, inda ake sauka daga kwalta a shiga yashi. Ƙugunta ya daina yarda da babur, amalanken jaki kuma yini guda yake ci kafin ya kawo mutum gari, ga shi yanar ido ta fara rufe mata idanu. Likitan ido ya ce a riƙa kawo ta yana dubawa har yanar ta nuna a cire.

Mijina ɗanta ne na fari, Inna kuma mutuniyar da ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son ya sha ruwa, sai ta dubi bango ta ce, "A ba baƙo ruwa." Shi ma haka ya taso, bai san wata hanya ba. Tun da na shigo gidan na zama wayarsu. Ta ce, "Hwaɗa mishi," ya ce, "Ki ce mata," alhali tabarma ɗaya ce tsakaninsu. Da farko abin haushi yake ba ni. Ni malamar makaranta ce, na saba in yi tambaya a ba ni amsa, ban saba da zagaye-zagaye ba. Daga baya na gane cewa duk abin da suke ji da juna ta kunnena yake bi, sai na fara jin kaina wata babba.

Akwai kuma wata tsohuwar magana tsakaninsu, wadda ƙanwarsa ta ba ni labari. Inna tana salla tana azumi, amma tana da wata 'yar tukunya a bayan rumbu da ta gada daga uwarta, inda ake zuba wa aljanar nan doguwa nono. Lokacin da mijina yake saurayi, ya dawo daga karatu da zafin wa'azi a kansa, ya ɗauki tukunyar nan ya doka da ƙasa. Inna ta durƙusa. Ta tsince gutsattsarin ta tafi da su ɗaki. Shekaru suka wuce ba wanda ya sake tayar da zancen. Shi har yau yana nan kan bakansa cewa abin bai halatta ba, amma na san yadda ya yi ɗin yana cin sa. Ni dai a ganina motar nan ban-haƙuri ce da ya kasa yi da baki.

Ni ma na saka hannuna a motar. Na sayo wata 'yar takarda mai gam a kasuwa, koriya, da addu'ar shiga abin hawa an rubuta da ruwan zinariya. Na duba wurin da direba zai riƙa ganinta kullum, sai na manna ta a gilashin da ke bayan sitiyari, a kusurwar da babu allura. Mijina ya gani ya ce na kyauta. Ba kullum yake faɗar haka ba, don haka na riƙe.

Motar tana da na'urar sanyi, wadda muke kira kilim. Ni bai taɓa kunna mini ita ba. Ko da ina da tsohon ciki a tsakiyar bazara, cewa ya yi kilim shan mai gare shi, gumi kuma lafiya ne. Amma da zarar Inna ta shiga, sai ya ɗaga gilasai duka, ya murɗa sanyin nan har ƙarshe, ya sa karatun Alƙur'ani, ya gyara zama kamar mai tuƙa gwamna. Ban yi kishi ba. To, na ɗan yi, amma kaɗan. Inna kuma duk ranar tafiya sai ta fito da wani bargo mai kauri, ko da rana na narka dutse. Ina tsokanarta, "Inna, Dutsi za mu ko ƙasar ƙanƙara?" Sai ta yi dariya ta ce, "Tsuhwa na, ɗiyata. Za ki zo wurin."

Shekarar farko lafiya lau muka yi ta zirga-zirga. A bazara ta biyu abin ya fara.

A hanyar ƙauyen, kafin a fita daga yashi, akwai wata ƙatuwar tsamiya a gefen hanya. Mutanen wurin sukan rage murya in sun zo gabanta. Ba a saran reshenta, ba a kiwo ƙarƙashinta da tsakar rana, don an ce gidan doguwa ce. Ranar nan mun ɗauko Inna, muna tafe a hankali saboda yashi, sai muryar mai karatu ta yanke a tsakiyar aya. Sanyi ya ɗauke. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Da na leƙa waje, inuwar tsamiyar tana taɓa ƙafar motar.

Mijina ya murɗa makulli, shiru. Batir ya mutu murus. Ya cire shi, ya tare wani mai babur, suka tafi Ɗan Kassari neman caji. Ni da Inna muka zauna a gefen hanya. Na ji ta tana gaida itacen ƙasa-ƙasa, kamar yadda ake gaida maƙwabciyar da ba a cika shiri da ita ba. Da ya dawo rana ta yi sanyi, sai ya bar gilasai a buɗe, bai kunna komai ba, muka iso gari lafiya. Ba wanda ya lura da wannan a cikinmu, har da ni mai koya wa yara yadda batir ke kunna ƙwan fitila.

Makanikenmu mutumin kirki ne, ba ya cutar kowa. Ya tada motar a inuwar garejinsa, ya ɗora na'urarsa, ya ce komai daidai yake, batir ne ya gaji. Aka sa sabo. Bayan wata biyu muka sake ɗauko Inna, motar ta sake mutuwa. A tsamiyar. In akwai bambanci da wurin farko, bai wuce taku ashirin ba.

Daga nan baki ya buɗe. A ƙauye mata suka fara cewa ai dama, wanda ya fasa tukunya ba zai wuce da mai tukunya ta gaban gidan doguwa ba. A gari kuma abokan mijina na masallaci suka ce kada ya saurari zancen jahilci, ya dai ƙara karatu. Sai ya je ya sayo wata ƙatuwar lasifika aka ɗaura a bayan motar, don karatu ya cika ko'ina. In an yi maganar a gabansa, yakan ɗaga murya ya ce babu wata iska da ke iya tsai da ƙarfe sai da ikon Allah. Amma na san ya ɗauki motar shi kaɗai har sau biyu, ya je ya wuce tsamiyar ya dawo, don ya gwada. Ko tari ba ta yi ba. Wannan ya fi tsorata shi fiye da in ta mutu, don ya nuna sai Inna na ciki abin ke faruwa. Ni kaina, da duk bokona, na kama kaina ina a'uziyya tun daga nesa in na hango kan itacen.

Ta ukun ce ta yi muni. Muna gangarowa wajen tsamiyar, karatu na tashi har kujera na rawa, sai na ji wari kamar na roba a wuta. Komai ya ɗauke lokaci guda. Sitiyari ya ƙage a hannun mijina, motar ta zame ta bar hanya ta daki wani suri. Goshinsa ya bugi sitiyari ya fashe. Na ƙwalla ihu da na ga jini.

Inna tana baya kusa da ni. Ba ta gani sosai, ihuna kawai ta ji. Sai na ga ta miƙa hannu gaba tana lalube, ta sami kafaɗarsa, ta hau wuyansa, ta shafa gemunsa har ta kai goshi. Tun da nake, ban taɓa ganin ta taɓa shi ba sai ranar. Ta janye hannun, ta shinshina yatsunta. Ta buɗe ƙofa ta sauka, ta zauna a ƙasa da bargonta, har wani mai amalanke ya zo wucewa. Kafin ya juya da ita gida ta kira ni.

"Hwaɗa ma mai motag ga, ba ni ƙara shiga," in ji ta. "Abin da ag gare ni ba shi son shi. Yau goshi anka taɓa. In na koma shiga, ba goshi za a ɗauka ba."

Na ce, "Inna, idon fa?"

Ta ce, "Na ga abin da za ni gani."

Haka aka shiga damina. Likita ya riga ya gaya mana yanar ta nuna, masu aikin ido za su zo bayan girbi, in aka wuce lokacin kuma sai wani zuwan, ba kuma lalle idon ya jira ba. Na hagu ya riga ya rufe, na dama saura ɗan haske. Muka aika mata cewa za a ɗauko wata motar haya. Ta ce duk motar da ya aiko tasa ce, kuma ba za ta sa ɗan wata uwa cikin abin da ta tsare nata daga gare shi ba. Muka ce to amalanke, a shimfiɗa katifa. Ƙugunta ba zai ɗauki yini guda ba, ita ma ta sani, mu ma mun sani. A taƙaice Inna ta zaɓi ta makance da ta sake jin jinin ɗanta a hannunta.

Motar aka gyara mata hanci aka lulluɓe ta da tampol a ƙofar gida, awaki suka samu wurin kwana. Mijina ya rame. Yakan sa hannu a tuwo sau uku ya ce ya ƙoshi. Ni kuma in raina ya ɓaci sai na sami wanda zan sauke wa, kuma suruka ba ta sauke wa uwar miji, don haka shi ya sha. Wata rana bayan la'asar na tsare shi na ce ya je ya durƙusa ya ba ta haƙurin tukunyar nan, ko hankalinta ya kwanta.

"In na tahi yanzu," ya ce, "kamar na ce tukunya ad da iko. Ba ni iya hwaɗin haka, ko don idonta. In kuma na zamna, ta makance ina kallo. Ke hwaɗa mini wanne za ni ɗauka."

Na ga hawaye na bin gemunsa, sai duk faɗan da na shirya ya tsere mini. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin taurin kan mutum biyu kamar ranar ba.

An fara yankan gero lokacin da wani tsoho ya zo nemana a makaranta. Shi ne mai gadin furojen da aka sayi motar daga gare shi. Furoje ya tashi, amma shi yana nan a ɗakin bakin ƙofa, yana tara duk takardar da ta zo a cikin wani kwali, da fatan wata rana ɗaya za ta ce masu gidan suna dawowa. Ba ya karatun Faransanci, sai ya kawo mini in duba masa. Na zauna a bakin aji ina buɗewa ɗaya bayan ɗaya: gayyatar taro da aka yi tuntuni, tallar famfo, gaisuwar sabuwar shekara. Har na fara ƙosawa sai na kai ga wata mai hoton mota a sama.

Daga wakilan kamfanin motar take, a Yamai. Sun ce sun gano aibi a dinamon wasu motocinsu, wato abin da ke mayar wa batir caji yayin da inji ke aiki. In ya yi zafi, kuma aka ɗora masa kaya da yawa, kamar na'urar sanyi da rediyo, musamman in ana tafiya a hankali cikin rana, sai ya daina cajin. Batir ya ƙare, inji ya mutu ana cikin tafiya, sitiyari ya yi tauri, wani lokaci har wuta na iya tashi. Sun nemi afuwa, sun ce duk mai irin motar ya kawo a sauya masa dinamo kyauta. A ƙasa sun rubuta lambar jikin motar.

Na bar wa wata abokiyar aikina ajin, na ba tsohon haƙuri cewa babu labarin dawowar mutanensa, na kama hanyar gida har ina tuntuɓe. Na ciro takardun motar na gwada lambar harafi bayan harafi, yadda nake gyaran shifta. Sau uku na gwada. Ita ce.

A shago na sami mijina yana auna wake. Na karanta masa ina fassarawa. Ya ce in sake. Na sake. Ya nemi buhu ya zauna.

"Kilim?" ya ce.

"Kilim."

"Da karatun?"

"Da karatun, da ƙatuwar lasifikar da ka ƙara."

Ya yi hamdala, sannan ya rufe fuska da tafin hannu. "Ashe ni na," ya ce.

Na ce, "Su na. Ga shi sun rubuta da hannunsu."

Muka buga waya, suka ce har yanzu ana karɓa. Muka kori awaki, muka yaye tampol, muka kama hanyar Yamai da sassafe, gilasai a buɗe, ba rediyo ba komai. A garejin kamfanin wani ma'aikaci ya saurari labarinmu, sai ya tambayi mijina ko jar fitila ba ta kama masa ba kafin motar ta mutu. Mijina ya ce wace fitila. Mutumin ya leƙa bayan sitiyari, ya sa farce ya ɓamɓare takardar addu'ata. A ƙarƙashinta ga ɗan hoton batir. Ya murɗa makulli, ya kama jawur. Duk sau ukun nan fitilar tana ta yi mana gargaɗi a bayan takardar da na manna.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara da shekaru ni ce mai gaskiya a gidanmu, ranar ga dama ta zo masa har gida. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya karɓi takardar ya manna ta can sama a gilashin gaba. Har yau bai tayar mini da zancen ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na tambayi ma'aikacin abin da ya fi damuna, wato me ya sa kullum sai a wuri ɗaya. Ya ce batir kamar tulu ne, abin da yake ɗauka ke nan. In kullum daga ƙofa ɗaya ake tasowa, ana zuba kaya iri ɗaya, da tafiya iri ɗaya, to kusan wuri ɗaya zai ƙare. Na roƙe su su ba ni tsohon dinamon in kai wa Inna ta taɓa da hannunta, suka ce kamfani ake mayar wa. Takardar kawai ta rage mana.

Saura kwana biyu masu aikin ido su fara muka tafi ƙauye. Mun tarar da dammunan gero jibge a ƙofar rumbu, Inna na zaune a inuwa tana ɓarar wake da lalube. Mijina ya gaishe ta ta bakina, ya koma bakin ƙofa ya tsuguna. Na zauna kusa da ita na karanta takardar, ina juya ta da Hausa a hankali. Hannunta bai daina ɓarar wake ba sai da na kai wurin neman afuwa.

"Motoci nawa?" ta tambaya.

"Da yawa, Inna. Har ƙasashen da ba mu sani ba."

"Dut suna mutuwa haka?"

"Waɗanda abin ya kama, i."

"Har waɗanda ba su ɗauke da uwar kowa?"

Na ce, "Har su, Inna."

Ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ta shafa ta gaba da baya, ta kai ta kusa da idon dama, ta shinshina. Ta tambaya wa ya tilasta musu faɗi. Na ce su suka gano, suka aiko. Ta jinjina kai, ta ce da iska, ba da kowa ba, "Mutum shi yi ɓarna, shi aiko tun daga nesa shi ce ni na yi. Ashe ana haka."

Can na ji muryar mijina daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa.

"Ki ce mata, rannan bayan rumbu. Abin da na sani game da tukunyar ban sauya ba. Amma hannun da na ɗaga ma kayanta, ban kyauta ba. Ta yahe mini."

Na buɗe baki zan isar, Inna ta tare ni. "Na jiya," ta ce. "Ido na at tahi, ba kunne ba." Ta zuba sauran waken a ƙwarya, ta kakkaɓe zaninta. "Takarda ta hwaɗi nata. Mu tahi mu ji na tsamiya. Ɗauko mini bargona."

Ta shiga baya, na zauna kusa da ita. Mijina ya ɗaga gilasai, ya murɗa sanyi har ƙarshe, ya sa karatu, daidai yadda ya saba. Na gane nufinsa. In za a wuce, to a wuce da komai a kunne, kada a bar wa kowa abin faɗi. Rana tana tsaka, yashi ya yi zafi, muna tafe a hankali. Ina kallon ƙeyarsa, gumi na tsatsafowa duk da sanyin. Inna ta dunƙule cikin bargo, hannunta ɗaya riƙe da nawa, ɗayan riƙe da takardar. Na hango kan tsamiyar. Na ce ba zan yi a'uziyya ba, sai na ji ina yi.

Inuwar ta hau kan motar, ta bi ta gilashin gaba, ta sauka ta baya. Mai karatu bai yanke ba. Na ji Inna ta gaida itacen ƙasa-ƙasa, na kuma ga mijina ya ji, ya ci gaba da kallon hanya.

"Mun wuce?" ta tambaya.

"Mun wuce, Inna."

"Da nisa?"

Na waiga. "Har ba a ganin gindinta."

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta saki hannuna.

"To, ɗiyata, hwaɗa ma mai motag ga shi kashe sanyin ga. Tun ranar hwarko ƙashina ba shi son shi. Shekara biyu ina shiga bargo."

Na ce, "Inna! Don mi ba ki hwaɗi ba?"

"Ɗa shi yi ma uwa tai gata, ta ce ba ta so? Kuma da wane baki?"

Mijina ya taka birki a tsakiyar hanya. Ya kifa goshinsa mai tabo a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Ban san ko dariya yake ko kuka ba, ni dai duka biyun nake yi. Shekara biyu yana ƙona man da ya hana ni don ya girmama ta, ita kuma tana karkarwa cikin bargo don kada ta ɓata masa, ni wayarsu ina zaune a tsakiya ina tsokanarta da ƙasar ƙanƙara. Ya ɗago, ya kashe kilim, ya sauke gilasai duka huɗu. Iska mai zafi ta shigo da ƙanshin karan da aka yanke. Inna ta yaye bargon, ta ninke shi a cinya, ta fitar da hannunta ta taga.

An yi mata aikin a idon dama. Ranar da aka cire bandejin ina gefenta, mijina yana tsaye daga ƙofa kamar kullum. Ta ƙifta, ta dubi hannuwanta, ta dube ni ta ce na yi ƙiba. Sannan ta juya wajen bango, yadda ta saba in yana wuri. Amma ina kallonta, na ga idon ya saci hanya ya je ƙofa, ya tsaya a goshinsa, ya sauko kan gemunsa, ya daɗe a can fiye da yadda al'ada ta yarda.

"Hwaɗa mishi ya yi hurhura," ta ce.

Na juya zan faɗa masa, sai na ga ya riga ya sunkuyar da kai yana goge ido da hannun riga.

"Ki ce mata na jiya," in ji shi.